Iskar da ta maƙale cikin gilashi

A Kanada da Amurka da wasu ƙasashen Turai, akwai wani irin teburin madafa da masu hali suke sa a yi musu. Ba na katako ba ne, ba na dutse ba, ba kuma na siminti da karo ba irin wanda muke gani a gidajen ma'aikata a Yamai ko Maraɗi. Gilashi ne zalla, allo guda, kaurinsa ya kai yatsu biyu ko uku in an haɗa su. Ba a masana'anta ake zuba shi ba. Mutum ne yake ɗauko fallayen gilashi, ya yanka, ya wanke, ya jera wani bisa wani cikin tanderun lantarki, ya rufe, ya ba su wuta wajen digiri 800 ko ɗan fiye, har su yi laushi su haɗe su zama jiki ɗaya. Abin yana da nauyi ƙwarai. Murabba'in mita ɗaya na gilashi mai kaurin milimita ɗaya kilo biyu da rabi ne, don haka allo mai tsawon mita 2, faɗin santimita 65, kaurin santimita 4, zai kai kilo 130, ya ɗara buhun gero. Wasu har fitila suke sa wa a ƙarƙashinsa, da dare ya riƙa haske kamar ruwan tafki da farin wata.

Kuma kusan kowane ɗaya daga cikinsu, in ka sunkuya ka duba, za ka ga ƴan ƙwayoyin iska a ciki, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar ta riɗi, suna tsaye cik a tsakiyar gilashin.

Da ban san da wannan sana'a ba sai ta hanyar ɗan yayata. Karatu ya kai shi lardin Kebek, kuma kamar yawancin yaranmu da ke can, yana haɗawa da aikin hannu don ya biya kuɗin ɗaki, ya ɗan aiko wa uwarsa abin sabulu. Ya samu wuri a wata ƙaramar ma'aikata ta mutum huɗu ko biyar. Aikinsa shi ne wanke fallayen da jera su cikin tanderu. Wata rana da dare ya kira ni ta WhatsApp, na ji muryarsa ba daidai ba. Wata mata ce ta ba da aikin teburin madafarta, aka yi, aka kai, aka kafa, sai ta ga ƙwayoyin iska ta ce ba ta yarda ba, a ɗauke a sake. Mai wurin kuwa ya ce in har aka sake, asarar ba shi kaɗai zai ɗauka ba, kuma kowa ya san wanda ya jera fallayen.

Ya ce da ni, "Kawu, kai ne ka koya mana cewa iska tana cin gurbi. To ka faɗa mini tsakaninka da Allah, laifina ne ko ba laifina ba?"

Darasin da yake nufi duk wanda ya zauna ajin CM ya san shi. Mushe zai kawo kwano cike da ruwa, ya dunƙule takarda ya cusa ta can ƙasan kofi, ya kifa kofin cikin ruwan har ya nutse, ya ciro, takarda tana nan a bushe. Yara su yi ta mamaki. Kofin da muke cewa babu komai a cikinsa, cike yake da iska, kuma iskar ba ta ba ruwa hanya sai an karkata kofin ta samu mafita. Shekara ashirin da wani abu ina yin wannan gwaji, tun daga makarantar horon malamai, ban taɓa zaton wata rana abincin wani nawa zai rataya a kansa ba.

Abin da ke faruwa cikin tanderun shi ne wannan. Fallayen gilashi biyu, komai santsinsu, in ka ɗora ɗaya bisa ɗaya akwai siririn fili tsakaninsu, kuma iska ce a ciki. Idan wuta ta fara kamawa, gefen allon ne yake riga yin laushi, don shi ne a buɗe, tsakiya kuwa tana lulluɓe. Gefen ya sauko ya manne da na ƙasa, kamar an ɗinke bakin buhu tun ba a gama matse iskar ciki ba. Daga nan kuma babu ƙofa. Ita iska in ta ji zafi buɗewa take yi: wadda aka rufe tana digiri 30, in ta kai 800 tana neman gurbin da ya ninka nata na farko sau uku da rabi. Sai ta tattaru wuri-wuri, ta dunƙule, ta zama ƴan ƙwallaye.

Mai karatu zai ce to ai iska sama take yi, me ya hana ta tasowa ta fashe kamar ta cikin tafasasshen ruwa? A nan ne na ce wa yaron ya tuna da zumar da uwarsa take ajiyewa cikin kwalba. Ka juya kwalbar zuma ka kifa ta, ka zuba ido. Babbar kumfa za ta taso a hankali, ta iso. Ƙananan kuwa sai ka gaji da jira ka bar su. Akwai lissafi a kan haka: in girman kumfa ya ragu da rabi, saurin tasowarta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. To gilashi a digiri 800 ya fi zuma kauri sau dubbai. Ƙwayar iskar da ba ta wuce ta gero ba, in ana jiranta ta taso, sai a ƙone kuɗin wutar wata guda tana nan inda take.

Masana'antar da ke yin gilashin tagoginmu ba ta da wannan damuwa, don ita tana narka yashi da soda da farar ƙasa a zafin da ya haura digiri 1500, inda gilashin yake tsinkewa, kuma tana zuba wasu sinadarai da suke haɗa ƙananan kumfa su zama manya su fice. Bayan nan a kwarara shi bisa narkakkiyar kuza ya shimfiɗu sumul, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da ita a 1959, wadda a yau kusan duk gilashin taga na duniya da ita ake yin sa. Idanunmu da wannan gilashi suka saba, mu da matar nan ta Kebek baki ɗaya. Shi ya sa in muka ga ƙwayar iska sai ranmu ya ce an yi ha'inci. Mai aikin hannu ba zai kai wutarsa can ba. Tanderunsa ba don haka aka gina shi ba, kuma ko da zai iya, zanen da launin da ya jera duk za su narke su cakuɗe, abin da aka zo saya ya tafi.

Abin da yake iyawa shi ne ya rage. In wuta ta kai tsakanin 600 da 700 sai ya tsayar da ita a nan, awa ɗaya, biyu, wani lokaci fiye, don fallen sama ya sauko a hankali da nauyin kansa, ya tura iskar waje tun ƙofa ba ta rufe ba. Wasu suna sa ƴan gutsattsarin gilashi a gefe su tokare fallen, yadda tsakiya za ta riga sauka. Da haka ƙwayoyin suke raguwa, su ƙanƙance. Amma a ce babu ko ɗaya, a allo mai kaurin yatsu uku, wannan wanda ya yi maka alkawarinsa bai faɗa maka gaskiya ba.

Sai dai ban gaya wa yaron "ba laifinka ba ne" nan take ba, ko da yake abin da yake son ji ke nan. Na ce ya koma gidan in an ba shi dama, ya kashe fitilar ɗakin, ya haska tocilan daga gefen allon, ya ɗauko mini hoto, ya kuma bi da farcensa a kan duk ƙwayar da ya ga ta matso sama. Dalili, ba duka kumfa ce ɗaya ba. Wadda take can tsakiya, zagayayya, gilashi mai kauri ya kewaye ta ta ko'ina, ba ta rage wa allon ƙarfin da za a kula da shi ba, za ta zauna nan har jikokin mai gidan su gaje ta. Wadda ta taso har ya rage ɓawo siriri tsakaninta da waje, ita ce abin tsoro. Ranar da gindin tukunya ya sauka a kanta za ta fashe, ta bar rami mai kaifin baki wanda zai yanki yatsa, ya riƙa tara mai da ruwan nama, soso kuma ba ya isa ciki. A teburin da ake yanka abinci wannan aibi ne, ko wa ya yi shi. Akwai kuma manyan da suke kumburowa daga ƙasa in shimfiɗar tanderun ba ta bushe ba, da waɗanda datti ko maiƙon yatsa yake haddasawa. Su waɗannan ganganci suke nunawa, kuma da irinsu na gani da na gaya masa ya je ya ba da haƙuri.

Hotunan suka zo bayan kwana biyu. Ƙwayoyin da matar take nunawa da yatsa, wajen talatin, duk na tsakiya ne, ƙanana, masu tsabta. Amma kusa da ramin da aka huda don famfo akwai guda biyu da suka matso sama sosai, ɗaya har farce yana jin tudunta. Ita ba ta ma lura da su ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba kumfar ba ce. Na tambaye shi kwana nawa allon ya yi cikin tanderu bayan an gama narka shi. Gilashi ba ya son a huce shi da gaggawa. Bayansa yana riga cikinsa sanyi, ya ƙame, cikin kuma ya zo daga baya yana neman tsukewa, babu hali. Sai a samu allo wanda a ido lafiya lau yake, alhali cikinsa a ɗaure yake tamau kamar tsirkiyar baka. Zai iya yin wata shida, ko shekara, wata safiya ta sanyi a ɗora masa butar shayi, a ji ƙas, ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Kyan ɗan maciji ke nan. Maganinsa ɗaya ne: a tsayar da wuta wajen digiri 500, gwargwadon irin gilashin, har ciki da waje su daidaita, sa'an nan a riƙa sauke ta kaɗan-kaɗan. Kamfanin Bullseye na birnin Portland a Amurka, wanda yake sayar wa masu wannan sana'a gilashi, yana da jadawalin da ake bi. Allo mai kaurin santimita biyu da rabi yana neman wajen awa 14. Mai santimita 5 kusan kwana biyu. Mai santimita 10 mako guda cur. Wato in kauri ya ninka biyu, jira ya kusa ninka huɗu. Wanda yake ganin wannan ya yi yawa, ya ji labarin gilashin madubin hangen taurari na dutsen Palomar a Kalifoniya, mai faɗin mita 5, wanda kamfanin Corning ya zuba a watan Disamba na 1934: wajen wata goma ya yi yana hucewa kafin a buɗe shi.

Wannan ɗaurin ido ba ya ganinsa, amma akwai yadda ake tona shi, kuma ina ba abokan aikina malamai shawara su gwada a aji, don ba ya cin ko dala. Ka buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta, ka sa baƙin tabarau irin mai tace haske, ka karkata kai har fuskar ta yi duhu, sa'an nan ka sa rula ta roba mai garai-garai a tsakani. Za ka ga launuka sun fito kamar bakan gizo a duk inda robar take a ɗaure. Gilashi ma haka yake nunawa, haske-haske a wurin da ya kamata ya zama duhu. Yaron ya ce mai gidansu yana da irin wannan na'ura, kuma allon ya yi kwanakinsa cikakku, an duba shi kafin a fitar. Sai a lokacin hankalina ya kwanta. Matar kuwa, da ta biya kuɗi masu yawa, ba wanda ya gaya mata akwai irin wannan tambaya, balle ta yi ta.

To laifin wa? A ganina na mai wurin ne, kuma tun ranar ciniki ya yi shi, tun ba a kunna tanderu ba. Hotunan da ya nuna mata an ɗauke su daga nesa, ta inda kumfa ba ta fitowa. Bai ɗora mata guntun gilashin a hannu ya ce ga yadda aikinmu yake ba. Da rigima ta tashi sai ya fake da cewa ai aikin hannu ne, dole a samu haka. Maganar gaskiya ce, amma ta zo a makare, kuma ya miƙa ta har ta rufe guda biyun nan na bakin famfo waɗanda ba ta isa ta rufe ba. Duk wanda ya zauna gaban malam ya kai babin ciniki a Risala ya san hukuncin: mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, in ya ɓoye, mai saye yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma nan mun san wannan kalma ta "aikin hannu ne". Tela ya karkatar maka da wuyan riga, aikin hannu ne. Magini ya bar maka ramuka a ginshiƙi don bai girgiza kankaren ba, aikin hannu ne. Amma ku duba yadda iyayenmu mata suke sayen tukunyar dalma a kasuwa. Ba ruwansu da ƙuraje-ƙurajen da yashin zubi ya bari a bayanta. Ɗaga ta suke yi su kalli rana ta cikinta, su ƙwanƙwasa, wata ma ta ce a zuba ruwa ta gani, don sun san iskar da ta maƙale lokacin zubi tana iya barin huda kamar ta allura. Sun raba abin da yake na ido da abin da zai sa miya ta tsiyaye cikin wuta. Mai tukunyar ma ya san za a yi masa haka, shi ya sa ba ya musu.

Abin dariyar shi ne akwai inda kumfar nan ita ake saya da tsada. A garin Biot na kudancin Faransa, wani mai suna Éloi Monod ya buɗe ma'aikatar gilashi a 1956, ya mai da kumfa ta zama tambarin gidan: ana barbaɗa garin soda, ɗan'uwan kanwarmu, a kan narkakken gilashi, a sake lulluɓe shi da wani, iskar da ta tashi ta maƙale a tsakani. A tsibirin Murano na Benis ma, tun ƙarshen shekarun 1920 suke yin wani iri da suke kira pulegoso, wanda kumfa ta cika shi har ba a ganin bayansa. Da matar Kebek ta je Biot yawon buɗe ido, ina kyautata zaton da ta sayo kofuna shida ta jera a falo tana nuna wa baƙi.

An dai sasanta. Yaron ya samu mai gidansa shi kaɗai ya nuna masa hotunan tocilan. Suka koma, aka buɗe guda biyun nan da ɗan injin gogewa, aka cike su da wani danƙo mai garai-garai, aka rage mata kuɗi. Ta karɓa, ko da yake an ce har yanzu in ta yi baƙi takan ɗora kwandon ƴaƴan itace a inda ƙwayoyin suka fi yawa. Ba a taɓa albashin yaron ba.

Da nake bin wannan magana sai na lura ashe sana'ar ba baƙuwa ba ce a yankinmu, girman ne kawai ya bambanta. Mutanen Krobo na Ghana suna daka fasassun kwalabe su zama gari, su zuba cikin ƴan ramukan yumɓu, su tsaya da tsinken ganyen rogo a tsakiya, su sa a tanderun ƙasa mai wutar itace. Tsinken ya ƙone ya bar huda, garin ya haɗe ya zama dutsen ado. Narkawa ce irin wadda ake yi a Kebek, ba tare da an kai gilashin ga tsinkewa ba. Kuma dalilin da ya sa waɗannan duwatsu ba a ganin haske ta cikinsu, alhali kwalbar da aka daka garai-garai take, shi ne iska: tsakanin kowace ƙwayar gari da ƴar'uwarta akwai ta, dubbai a dutse ɗaya, kowace tana karkatar da haske. In suna son mai ɗan haske sai su yi da gutsattsari manya maimakon gari. A Bida ta ƙasar Nufe kuma, Masaga suna narka kwalabe su naɗa a jikin ƙarfe su yi ƙarau da duwatsun wuya, waɗanda fatake suka daɗe suna kawowa kasuwanninmu. Wadda take da tsohon ƙarau a adaka ta ɗaga shi ta kalli rana, za ta ga ƴan ƙwayoyin, wasu a miƙe kamar tsinke saboda jan da aka yi wa gilashin yana da zafi. Ban taɓa jin amaryar da ta mayar da shi don haka ba.

Wani abokin aikina da na ba shi labarin ya ce me zai hana a yi irin teburin nan a Damagaram, ga kwalabe nan jibge a bola? Abu biyu ne. Kwalabe ba haɗi ɗaya aka yi musu ba, kowace masana'anta da nata, kuma in aka narka iri biyu wuri ɗaya, wajen hucewa wani yana tsukewa fiye da wani, sai allon ya tsage ko da an bi jadawali. Dutsen Krobo yana tsira ne don ƙarami ne, an kuma daka shi ya cakuɗu, ya huce ba tare da cikinsa ya yi nisa da wajensa ba. Na biyun ita ce wuta. Allo mai santimita 5 yana son kwana biyu ana sauke masa zafi bai kai digiri huɗu a awa ba da farko, kuma in lantarki ya ɗauke na awa biyu a tsakiyar wannan, a watan Afrilu ko Mayu, sai a sake daga farko.